Yadda Na Kai Baffa Buba Kara

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini, da yammacin da na rataya jakar laftof na nufi gidan Baffa Buba don in tabbatar masa ni ma ina da sana'a. Har yau in na bi ta layin gidan sai in ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya.

Baffa Buba yayan mahaifin Hadiza ne, Hadiza kuwa ita ce yarinyar da nake nema. A gidansu ba a yanke magana sai da shi. Mahaifinta mutum ne mai sauƙin kai, da aka kai masa zancena cewa ya yi shi ba shi da ta cewa, a je wajen Yaya. Shi kuwa Yayan Bafulatani ne da ya daɗe da shigowa gari. Ya gina gida a Haɗeja, ya je Makka, amma shanunsa suna can wajen Baturiya a hannun dangi, rabin zuciyarsa ma tana can tare da su. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Da aka ce masa manyana suna neman a ba su rana su zo, tambaya ɗaya ya yi: “Yaron me yake yi?”

Hadiza (Allah ya saka mata da alheri, amma da ta bari na amsa da kaina) ta aika ta bakin gwaggonta cewa ina ƙera wasan kwamfuta.

“To, na ji wasan,” in ji Baffa. “Aikin fa?”

Shi ke nan, maganar zuwan manya ta tsaya cak. Ya ce ba zai ba da 'yar ƙaninsa ga wanda bai san ta inda hatsi zai shigo gidansa ba. Yaron ya zo da abin nasa ya gani da idonsa. In ya gamsu a sa rana, in bai gamsu ba kowa ya kama gabansa. Ga shi kuma na samu labarin akwai wani ma'aikaci daga Miga, mai albashi da mota, da ke ta aiko wa gidan gaisuwa babu gaira babu dalili. Kun ga ke nan ba zancen wasa ba ne.

Gaskiyar magana, abincina ina samunsa ne daga ƙananan ayyukan da nake yi wa mutane ta intanet. Amma waɗannan rubutu ne zalla, in na buɗe wa dattijo zai ɗauka kiyashi ne ke yawo a gilashi. Wasan shi ne abin nunawa, shi ne kuma abin alfaharina. Ana ba ka ƙauye a bakin fadama ka riƙe shi shekara da shekaru kada mutane su ji yunwa. Manoma su shuka shinkafa, in ruwa ya janye su sa alkama da tattasai. Masunta su kama kifi su yi banda. Makiyaya su zaga da shanu, 'yan kasuwa su saya nan su sayar can. In kifi ya yi yawa farashinsa ya faɗi, in tsuntsayen jan-baki suka sauka a shinkafa farashinta ya tashi, in ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa kowa ya ji a jikinsa. A ƙasan allon kuma akwai wani layi da ke ba da labarin duk abin da ya faru, da Hausa tsantsa. Wannan layin ni na sa shi da hannuna, ba wanda ya aike ni.

Yanzu sai ku yi haƙuri in ɗan yi muku karatu, don in ban yi ba ba za ku gane girman wautar ba. A irin rubutun da muke yi ba a ƙera mutane ɗaya bayan ɗaya. Ana tsara abin da muke kira kilas, wato aji, kamar abin buga bulo: ka ƙera shi sau ɗaya, ka yi ta fitar da bulo iri ɗaya. Ka rubuta ajin Manomi, ka faɗi abin da yake da shi da abin da ya iya yi, daga nan ko manoma nawa kake so sai ka fitar. Sannan akwai abin da ake kira gado. Wani aji yana iya gadon wani, ya kwashi dukkan halayensa ba sai ka sake rubutawa ba. Saniya da Tunkiya da Akuya duk sun gaji ajin Dabba. Manomi da Masunci da Ɗankasuwa sun gaji ajin Mutum. Tsaf-tsaf, ko malamina ya gani sai ya sa mini albarka.

Sai aka zo kan Makiyayi.

Na riga na sha wahalar koya wa Saniya tafiya. Ta nemi inda ciyawa take, ta kauce wa ruwa mai zurfi, kada ta faɗa gonar da ba a girbe ba, in rana ta yi sanyi ta koma masauki. Wallahi sai da idona ya yi ja kafin tafiyar nan ta daidaita. Da na zauna zan rubuta Makiyayi sai na ga shi ma inda ciyawa take yake nufa, shi ma yana kauce wa ruwa, shi ma ba ya shiga gona, shi ma yana komawa masauki. Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in ajiye Makiyayi a ƙarƙashin Mutum tare da 'yan'uwansa, in ba shi garke ya riƙe, in ware dabarar tafiyar daban kowa ya ara. Amma wannan aikin kwanaki ne. Sai lalaci ya raɗa mini a kunne cewa ai layi ɗaya ya isa. Na rubuta cewa Makiyayi ya gaji Saniya.

Kuma abin haushin, ya yi aiki! Makiyaya suka miƙe suna tafiya gwanin sha'awa. To, an ɗan samu ƙananan matsaloli. Na farko na tarar da su sun duƙa suna cin ciyawa, na toshe. Bayan nan na ga ana tatsarsu da safe, na toshe. Akwai wani da ya haifi maraƙi (a nan kam ya kamata in tsaya in yi wa kaina faɗa, amma ina), shi ma na toshe. Da na ga an daina abin kunya sai na ce magana ta ƙare.

Ana gobe zan je wajen Baffa wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mai neman aure. Na ɗauki makiyayin da ya fi kowa garke, na sa masa farar riga da malafa, na cika masa fararen shanu, na raɗa masa suna Alhaji Buba. Don kada kuma a ga kamar mu ba kowa ba ne, sai na ɗauki ɗankasuwar da ya fi kowa jari na sa masa sunan mahaifina, Ba Modu, wanda a zahiri tattasai yake saye yana lodawa. Na kalli aikina na ce kai, yaron nan akwai basira.

Bayan la'asar na isa. An shimfiɗa tabarma a zaure, Baffa yana zaune, kusa da shi kuma ga maƙwabcinsa Malam Bitrus, tsohon hedimasta ne mutumin Filato da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Baffa ne ya kira shi, wai don kada a ruɗe shi da boko. Hadiza ta riga ta gaya mini ita da gwaggonta za su laɓe a bayan ƙofar cikin gida, ta kuma roƙe ni abu ɗaya: kada in cika surutu.

Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa.

“Baffa, barka da yamma.”

“Barka kadai, ɗan Modu. Kai ne mai wasan?”

“Ni ne, Baffa.”

“To bismilla. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Bitrus, kai za ka riƙa karanta mini.”

Malam Bitrus ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya saba tsayawa gaban ɗalibai. Na kunna.

Farkon abin kam sai hamdala. Ga kogi, ga fadama kore shar, ga masunta a kwalekwale. Malam Bitrus yana karantawa da ƙarfi, kalma bayan kalma. “An girbe shinkafa.” “Kifi ya yi araha.” Can sai ya karanta, “Alhaji Buba ya kai shanu mashaya.”

“Wane Alhaji Buban?”

“Kai ne, Baffa. Ga ka nan da farar riga.”

Ya matso da fuska dab da gilashin. “Duk waɗannan nawa ne?”

“Naka ne, Baffa.”

“Farare ma kuwa,” ya ce, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Da garken ya iso gonar shinkafa ya kewaye ta bai taka ba, sai ya kaɗa kai. “Madalla. Bai shiga gonar mutane ba. Wannan ya san kiwo.”

Jama'a, a nan kaina ya kumbura. Gargaɗin Hadiza ya bi iska. Malam Bitrus ya tambaye ni yadda farashi ke hawa da sauka, na buɗe baki kamar rediyo. Na yi bayanin tattasai, na yi na kifi, na nuna musu Ba Modu yana lodin kaya. Ban tsaya nan ba, har da cewa duk abin da ke faruwa a fadamar nan tamu, babba da ƙarami, yana cikin na'urar nan.

“Har da ambaliya?” in ji Baffa.

“Har da ita, Baffa.”

“To kawo ta mu gani. Shekarar daɗi kowa ya iya ta. Ina so in ga yadda mutanen naka suke yi in ruwa ya ci gari.”

Ambaliyar na rubuta ta tun da daɗewa, tun kafin in ƙirƙiri makiyaya, kuma ban sake bi ta kanta ba. A ciki akwai wata doka mai hankali: in ruwa ya shafe wuraren kiwo abincin dabbobi ya yi tsada, ƙauye zai duba duk abin da yake Saniya ne, ya fitar da mafi ƙarancin amfani ya kai kara, wato kasuwar shanu. Ana farawa da tsoho, da ramamme, da marar nono. Duk wannan yana cikin kaina, amma a lokacin ban haɗa shi da komai ba. Na danna da ƙarfin gwiwa.

Ruwa ya fara malala a allon. Malam Bitrus ya ci gaba da aikinsa.

“Ruwa ya ci shinkafar Miga.”

“Allah ya mayar musu da alheri,” in ji Baffa, kamar gaske.

“Ciyawa ta yi ƙaranci a Baturiya.”

“Haka ake yi.”

“An yanke shawarar rage dabbobi marasa amfani.”

“Daidai ne. Tsofaffin ake fara fitarwa.”

Sai na ga mai farar riga ya fito daga cikin garke. Shanun suna tsaye, ko ɗaya ba ta bi shi ba. Ya hau hanyar garin Malam Madori shi kaɗai yana tafe tiƙis-tiƙis.

“Ina kuma zan je na bar shanu?” Baffa ya tambaya.

“Wataƙila... kasuwa za ka leƙa, Baffa.”

Ina faɗar haka sai lissafin ya haɗu a kaina. A idon kwamfuta, Makiyayi Saniya ne. Ni na hana shi cin ciyawa, saboda haka bai taɓa ƙara ƙiba ba. Ni na hana a tatse shi, saboda haka ba shi da nono. Ni na sa masa shekarun dattijo don girmamawa. Da hannuna na mayar da baffan Hadiza saniyar da ta fi kowace lalacewa a faɗin fadamar Haɗeja.

Na kai hannu zan tsayar. Cikin ruɗewa sai na danna maɓallin ƙara sauri.

“An kai Alhaji Buba kara,” in ji Malam Bitrus. Ya ɗan dakata, amma tsohon malami ba ya barin karatu a tsakiya. “Dalili: tsufa, rama, ba nono.”

“Malam, don Allah...”

“Ba Modu ya taya Alhaji Buba. An sallama.” (Ko albarka ba a ce ba, tayin farko aka sallama.) “Ba Modu ya sayi Alhaji Buba a kuɗin ɗan maraƙi. An loda Alhaji Buba a mota zuwa Kudu.”

Ga shi kuwa muna gani. Wata 'yar mota cike da bijimai ta kama hanya, a tsakiyarsu malafa tana leƙowa.

Daga bayan ƙofa na ji wani kwano ya faɗi, na ji takun gudu. Na so ƙasa ta tsage in shige. A zuciyata na riga na ga Hadiza a gaban motar mutumin Miga. Mai hankali da shiru zai yi a nan, amma ni sai na ga ya dace in yi bayani.

“Baffa, ba da gangan ba ne. Gado ne ya jawo. Wato na sa ka gaji saniya.”

“Na gaji me?”

“A'a, ba kai ba, ajinka. Wato a wajen kwamfuta, kai... kai ma wani nau'in saniya ne.”

Malam Bitrus ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu. Ni kuwa na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da uwata ta haife ni. Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma, ina jiran a ce in tashi in ba su wuri.

Baffa bai ce in tashi ba. Ya juya wajen maƙwabcinsa a hankali.

“Bitrus, wa ka ce ya saye ni?”

“Ba Modu aka rubuta, Alhaji.”

“Modu uban wannan? Modu mai tattasai? Babarbaren nan?”

“Shi fa.”

Sai na ji wani sauti kamar tari. Na ɗaga ido a tsorace. Kafaɗun Baffa ne ke rawa. Kafin in ankara ya fashe da dariya, irin wadda ke sa dattijo riƙe ciki, har hularsa ta zame.

“La'ilaha illallahu! Bitrus, ka ga ikon Allah? Bara ya samu jari ya sayi ubangidansa! Kuma da araha! Kai, Barebari ba ku da tsoron Allah. Ko ɗan ciniki ba a yi ba?”

Sai a lokacin na tuna. Mu asalinmu Barebari ne, kakanninmu daga gabas suka zo, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗan'uwansa baransa ne, duk abin da aka faɗa kuma ba a riƙo. Ni tsoron surukuta ya rufe mini ido, ban taɓa kallon Baffa ta wannan fuskar ba. Ashe akwai wata tsohuwar ƙofa a buɗe, ni kuwa ta ciki na faɗo da ka ba tare da na sani ba.

“Kalle shi,” Baffa ya nuna ni yana share hawaye, “sai ka ce na Allah. Ya zo yana sunne kai, ashe tsiya ya ƙunso mini a jaka.”

Na buɗe baki zan ce wallahi kuskure ne, Malam Bitrus ya harare ni ta saman tabarau, hararar da ke cewa rufe mana baki. Na rufe. Shi ya san kwaɓa ce, kuma ya san na san ya sani.

“Alhaji,” ya ce, “tsokana daban, amma abin nan da yaron ya yi aiki ne. Ruwan ya tafi daidai, farashin ya tafi daidai. Mutum ɗaya kawai ya ajiye a inda ba wurinsa ba.”

“Ai na gani,” in ji Baffa. Ya gyara hula, fuskarsa ta koma yadda take, sai dai idon bai daina dariya ba. “Ɗan Modu.”

“Na'am, Baffa.”

“Ka gaya wa ubanka ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, shi da mutanensa. Ina so in ji daga bakinsa inda ya samo kuɗin sayena. Waccan maganar taku ma sai a yi ta a nan.”

Ban san yadda na sa takalmi ba. Na san dai sai da na kai bakin titi na lura jakar laftof ɗin a buɗe take. Na samu dakalin wani shago na zauna ina ta alhamdu lillahi, mai shagon yana kallona. Hadiza ta kira ni a waya, amma ba ta iya magana ba. Abin da nake ji kawai shi ne “ba nono!” sai ta sake shiƙewa, gwaggonta na taya ta daga gefe.

Da na gaya wa Baba, na ɗauka zai yi faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Amma ka cuce ni. Ina zan kai tsohon Bafulatani? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara.” Ranar Juma'a ya saka babbar rigarsa ta zuwa biki, ya cusa igiya a aljihu, wai zai je karɓar kayansa. An ce sai da aka yi ta musayar baƙar magana ana dariya kafin a samu sararin sa rana. An dai sa.

Satin da ya biyo baya na zauna na yi aikin da na guje wa tun farko, ya kuma ci ninkin lokacin da zai ci da na yi shi a kan kari. Na mayar da Makiyayi cikin mutane, na ba shi garke ya riƙe, na ware tafiya daban. Duk toshe-toshen nan na kwashe su na zubar, don yanzu babu abin da za a toshe. Na kawo ambaliya ni kaɗai a ɗaki har sai da na gaji, ba a sake loda kowa a mota ba.

Yanzu Hadiza tana ɗakina, a danginsu kuma ba ni da suna sai Dillali. Na karɓa hannu bibbiyu, don na san da abin da ya fi haka zai iya samuna. Abin da na koya bai da yawa: in ka gaji abu don gudun aiki, har ranar kasuwarsa ka gada. Shi ya sa duk ajin da zan rubuta, kafin in ce ya gaji wani sai na tsaya na tambayi kaina, in aka karanta wannan da ƙarfi a gaban suruki zan iya ɗaga kai? In amsar a'a ce, sai in ja kujera in yi aikin. Ba kullum ake dacewa wanda ka sayar ya zama abokin wasanka ba.